Ranar al'adu ita kaɗai ba ta mayar da yaro baƙo ɗan aji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da malaman makaranta, da shugabanninsu, da masu tsara manhaja, a kan yaron da ƙaura ta kawo shi ajin da ba a jin harshensa. Ko yaƙi ne ya koro iyayensa, ko fari, ko neman na kai, da zarar an rubuta sunansa a rajista nauyinsa ya hau wuyan makaranta. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana faɗin cewa kusan rabin yaran 'yan gudun hijira da suka isa shiga makaranta ba sa zuwa. Wannan babbar matsala ce, amma yau maganarmu a kan wanda ya samu shiga ne, ya zauna a benci, ana kiran sunansa kowace safiya, duk da haka ya shekara babu yaron da ya taɓa ce masa zo mu yi wasa.

Doka dai ta yi nata. Sashe na 22 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ya ce a ba su ilimin firamare daidai da 'yan ƙasa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ƙara gaba, inda sashe na 29 ya ce ilimi ya koya wa yaro girmama harshensa da al'adarsa, da ɗabi'un ƙasar da yake zaune, da na ƙasar da ya fito. To amma takarda ba ta riƙe alli, malami ne ke shiga aji.

Abin da makarantu da yawa suka iya shi ne ranar al'adu. A ware yini guda a shekara, kowane yaro ya sanyo tufafin ƙasarsu, a yi kiɗa da rawa, a ɗauki hotuna, washegari a koma gidan jiya. Ba mu ce a soke ta ba, yara suna jin daɗinta, iyaye ma haka. Amma a san iyakarta. James Banks, malamin ilimi a Jami'ar Washington ta Amurka, ya kasa shigar da al'adu cikin karatu hawa huɗu, kuma wannan na bukukuwa da ambaton jarumai shi ya ajiye a hawa na ƙasa, domin ba ya taɓa darasin kansa. Illarsa ita ce yaron da ake so ya saje da 'yan ajinsu sai a ɗora shi a dandamali ana kallo. Jiya ba a kula shi ba, yau ana tafa masa, gobe kuma ana kwaikwayon rawarsa a bayan aji ana ƙyalƙyala dariya, kuma a duka ukun bai fita daga baƙunci ba. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan yaron mai yiwuwa a makarantar zai gama, a ƙasar zai yi aure ya hayayyafa.

Tun 1954 Gordon Allport, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard, ya nuna cewa tara mutane wuri ɗaya bai isa ya kashe ƙyamar juna ba, wani lokaci ma rura ta yake yi. Cuɗanya tana amfani ne idan ɓangarorin sun haɗu da daraja ɗaya, burinsu guda, burin ba ya cika sai da taimakon juna, kuma hukumar wurin ta nuna a fili tana bayan abin. A nan gadon al'ada yake da rana. Yaron da bai iya harshen aji ba, a kusan kowane darasi shi ne na baya, shi ake jira, shi ake taimako. Amma abin da ya taho da shi daga gida, ƙirga ne ko wasa ko tatsuniya ko sanin taurari da tsirrai, a nan shi ne gwani. Aikin malami shi ne ya tsara darasi yadda aji ba zai iya kammala aikin ba sai da wannan sanin. Yarjejeniyar UNESCO (hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya) ta 2003 ta kasa gadon da ba a riƙe shi da hannu gida biyar: adabin baka har da harshe, kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, bukukuwa da al'adun zaman jama'a, sanin halittu da sararin samaniya, sai sana'o'in hannu. Ranar al'adu biyu kawai take taɓawa. Sauran ukun, waɗanda su ne ke shiga darasin harshe da lissafi da kimiyya, a bakin ƙofa ake barinsu.

Aikin tun ranar rajista yake farawa. A zauna da iyaye ko mai riƙon yaron kamar minti 45, tare da tafinta babba. Kada a sa yaron ko yayansa su yi tafinta, don akwai maganar da uwa ba za ta faɗa ta bakin ɗanta ba, kuma yaro yakan rage ko ya gyara abin da yake jin kunyarsa. A tambayi harsunan da ake yi a gida, da wanda yaron ya iya karantawa, da irin rubutun da ya saba. A tambayi shekara nawa ya yi a makaranta, da wane harshe, da tsawon lokacin da karatun ya tsaya, da abin da ya iya yi da hannunsa, da wanda ke ba shi labari a gida. Kada a tambayi yadda suka tsallako iyaka ko wanda ya rasu a hanya, kada kuma a tsare su da maganar takardun zama. Ranar da iyaye suka ɗauki makaranta reshen ofishin shige da fice ce, ba za su ƙara taka ƙafarsu ba. Ƙasar Suwidin tun 2016 ta wajabta wa makarantu su auna abin da sabon ɗalibi baƙo ya sani cikin wata biyu da zuwansa, gwargwadon iko da harshen da ya fi ƙwarewa a kai, sannan a yanke ajin da zai zauna. Ko babu doka, kowace makaranta za ta iya ɗaukar wa kanta wannan wa'adi.

Sai maganar suna, wadda ake rainawa. Malami ya sa yaron ya faɗi sunansa sau biyu ko uku, ya rubuta yadda ake furta shi a gefen rajista, ya yi ta maimaitawa har yaron ya gyaɗa kai. Kada a laƙa masa wani suna don nasa yana da wuyar faɗa, kada kuma a bari a riƙa kiransa da sunan ƙasarsu ko ƙabilarsu. Irin wannan laƙabi idan ya kama a makon farko, har yaro ya bar makarantar ba ya sakinsa. A lura da tsarin sunan ma. A Sin da Biyetnam sunan dangi ke zuwa farko. A Habasha da Eritiriya da Somaliya kuwa sunan yaro ne, sai na uba, sai na kaka, saboda haka uwa da ɗanta ba za su zo da suna na ƙarshe iri ɗaya ba, kuma wannan ba alamar jabun takarda ba ce. Ranar haihuwa ma tana ruɗa magatakarda. Kalandar Habasha wata 13 gare ta, tana kuma bayan ta Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas. 'Yan gudun hijira da dama kuwa 1 ga Janairu aka rubuta musu saboda babu takardar haihuwa. Kuskuren shekara biyu a nan yana kai ɗan shekara 12 ajin 'yan 10, ya zauna ya fi kowa tsawo, ya fi kowa jin kunya.

Ajin da za a sa shi ya dace da shekarunsa, ko a mayar da shi baya da aji ɗaya tak idan karatunsa ya daɗe a tsaye. Idan makaranta tana da ajin share fage na koyon harshe, kada ya cinye yinin duka. Awa ɗaya ko biyu a rana ya wadatar, sauran lokacin yana tare da sa'anninsa, musamman a lissafi da zane da motsa jiki da aikin hannu, inda ido da hannu ke rage wa baki aiki. Ajin baƙi zalla idan ya wuce shekara yakan zama wata makaranta a cikin makaranta. A zaunar da shi a layi na biyu ko na uku, inda zai ga bakin malami ya kuma ga abin da na gabansa ke yi ya kwaikwaya. A ba shi 'yan rakiya biyu: ɗaya mai jin harshensa idan akwai, ɗaya ɗan gari mai jama'a a aji, irin wanda idan ya ja mutum cikin wasa ba a yi masa musu. A sauya su duk mako biyu har mako shida, ya zama ya saba da yara shida. Idan ɗaya aka haɗa shi da shi aka ƙyale, ko dai ɗan rakiyar ya gaji ya fara zille masa, ko su biyun su ware su zama 'yan ba-ruwanmu. A faɗa wa 'yan rakiya aikinsu dalla-dalla: su nuna masa banɗaki da wurin ruwa, su bayyana masa ma'anar kowace ƙararrawa, su zauna da shi lokacin tara, kuma su koyi kalma biyar ta harshensa kowane mako. Wannan na ƙarshe shi ke daidaita ma'auni, kowa ya karɓa kowa ya bayar.

Yara da yawa sukan yi shiru na makonni, wasu har watanni, suna saurare suna tarawa. Malami kada ya ɗauki wannan taurin kai ko daƙiƙanci, kada kuma ya tilasta wa yaron tashi gaban allo. Ya bar shi ya amsa da nuni, ko zane, ko rubutu da harshensa.

Jim Cummins na Jami'ar Toronto ya yi nazarin bayanan yaran baƙi a Kanada, ya gano cewa harshen hira da wasa yana samuwa cikin kamar shekara biyu, amma harshen littafi da jarrabawa sai an yi shekara biyar zuwa bakwai kafin a kamo 'yan gari. A wannan tazara ake zaluntar yara da yawa. An ji yaro yana zuba a filin wasa, sai a janye masa tallafi, ya faɗi jarrabawa a ce ba ya ja. Cummins ya kuma nuna cewa abin da yaro ya fahimta da harshen uwa yana bin sa zuwa sabon harshe: wanda ya san rabawa a lissafi, sunanta kawai yake nema. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ya sa dokar hana yare a makaranta, da cin tara ko bulala a kanta, ɓarna ce tsagwaronta. Shawarar da wasu malamai ke ba iyaye cewa su daina yi wa yaro harshensu a gida kuwa ta fi ta muni, don uba zai koma yi wa ɗansa gurguwar magana da harshen da shi ma bai iya ba, hira ta mutu a gidan, kaka ta zama baƙuwar jikanta. Abin da ya kamata a yi ba shi da tsada. Kowane sabon babi, malami ya fitar da kalma goma zuwa goma sha biyu da darasin ya rataya a kansu, ya ba yaron kwana biyu kafin darasin ya kai gida a fassara masa, sannan a rubuta su a kwali da harsunan biyu a manna a bango. Yaron ya shigo darasin da guzuri, iyayensa sun sa hannu a karatunsa, sauran yara kuma suna ganin rubutunsa a bangon ajinsu kullum har ya daina zama abin mamaki.

Lissafi, wanda ake zaton harshensa ɗaya ne a duniya, nan ne gado ya fi ɓuya. Yaron da ya yi karatu da lambobin Larabci na gabas, biyar ɗinsa da'ira ce kamar sifili, sifilinsa ɗigo ne, shidansa kuma ta yi kama da bakwai ɗin boko. Wanda ya fito daga makarantar Faransanci da waƙafi yake raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, ya rubuta 2,5 inda na makarantar Ingilishi zai rubuta 2.5, kuma a doguwar rabawa yana ajiye lambar da ake rabawa da ita a hannun dama, amsa a ƙarƙashinta. A Larabci da Jamusanci ɗaya da ashirin ake cewa, shi ya sa wani lokaci lambobin kan juye wa yaro ya rubuta 12 a maimakon 21. Mai jin Suwahili ko Amharik daga fitowar rana yake fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe a wurinsa ƙarfe ɗaya ne. Malamin da bai san waɗannan ba zai zabga jan biro a kan amsar da take daidai. Wanda ya sani kuwa ya tsinci darasi kyauta. Ya rubuta 756 a raba da 6 a allo, ya fito da yara biyu kowa ya yi da hanyar da aka koya masa, aji ya bi sawu mataki-mataki ya gano inda hanyoyin suka haɗu har duka suka fito da 126. 'Yan gari da suka haddace hanyarsu ba tare da sanin dalili ba, a ranar suke fahimtar abin da suke yi, kuma baƙon ne ya buɗe musu ido.

Haka wasan ramuka da ƙwayoyi, wanda ake samun danginsa daga Afirka har Asiya. Oware na Ghana layi biyu ne, rami shida-shida, ƙwaya huɗu a kowane rami, jimla 48. Bao na gabashin Afirka layi huɗu ne, rami takwas-takwas, ƙwaya 64. Na Kazakistan rami tara-tara ne da ƙwaya 162, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon da ba a riƙe shi da hannu a 2020. Ba ya buƙatar kaya, a tona ramuka a ƙasa ko a zana da'irori a kwali, a tsinto tsakuwa. Minti 20 a mako ya isa. Yaron da ya san wasan shi ke koyar da dokokinsa, da hannu yake nunawa, harshe bai tare masa hanya ba. Idan za a yi gasa, a haɗa yara bibbiyu a gauraye, baƙo da ɗan gari a ɓangare guda. Kada a kuskura a yi ƙasa kaza da ƙasa kaza, ko baƙi da 'yan gida. Wannan kuskure ɗaya yana rushe aikin zango guda cikin rabin awa.

Aikin da muka fi ba da shawara a kansa shi ne na haɗa ɗan littafi, bisa tsarin da Elliot Aronson, masanin halayyar ɗan Adam, ya ƙirƙira a 1971 a birnin Austin na jihar Texas, lokacin da aka haɗa yara baƙaƙe da farare da 'yan asalin Meziko a makarantu rikici ya tashi. Dabararsa ita ce a kasa darasi gunduwa-gunduwa, kowane yaro a rukuni ya riƙe gunduwa ɗaya, jarrabawa kuma ta tambayi duka, sai ya zama wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya maimakon ya saurare shi kansa ya cuta. Ga yadda za a yi da gadon al'ada. Mako shida, darasi ɗaya na minti 40 kowane mako. Aji mai yara 40 a kasa shi rukuni takwas, biyar-biyar, kuma malami ne ke zaɓa, don idan aka bar wa yara, aboki zai bi aboki baƙo ya rage a tsaye. Kada baƙi su wuce biyu a rukuni. A ɗauki jigo ɗaya da kowa ke da shi, misali dabba mai wayo a tatsuniya: gizo a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma har da Jamaika, zomo a gabashi da kudancin Afirka, yanyawa a Turai, 'yar ƙaramar barewa a Indunusiya da Malesiya. Makon farko kowane yaro, har da 'yan gari, ya je ya nemo labari ɗaya daga bakin wani babba. Mako na biyu da na uku kowa ya ba rukuninsa nasa, minti bakwai-bakwai, da kowane harshe, da zane da kwaikwayo, sauran su yi tambaya har su iya maimaita shi. Mako na huɗu da na biyar a rubuta: farar takarda biyu idan an ninke su suna ba da shafi takwas, shafin hagu da harshen labarin, na dama da harshen makaranta, wani ya rubuta, wani ya zana, wani ya duba kuskure. Mako na shida gajeriyar jarrabawa a kan labaran rukuni duka biyar, da tambayar inda suka yi kama da inda suka saɓa. Makin ya shiga sakamakon zango, don abin da ba a ba shi maki yara da iyaye wasa suke ɗaukarsa. Littattafan kuma a ba su lamba a ajiye a ɗakin karatu ana aro, kamar kowane littafi.

Iyaye fa? A ƙarshen shekarun 1980 Luis Moll, masanin ilimi, da abokan aikinsa a Tucson ta jihar Arizona sun tura malamai gidajen iyalai 'yan asalin Meziko, su je a matsayin masu neman sani, suka tarar da ilimin noma da gini da kanikanci da magani da ciniki wanda makaranta ba ta taɓa tambaya ba. Irin wannan ziyara a yi ta da sanarwa, malamai biyu, kamar rabin awa, kuma kada ta zo a ranar da yaro ya yi laifi. Daga nan a gayyato uba ko uwa su koyar da abu ɗaya na minti 20 zuwa 30 wanda ya haɗu da darasin makon: masaƙiya a darasin siffofi da maimaituwar zane, magini a darasin awo, manomi a darasin iri da yanayi. A zauna da su tun kafin ranar a tsara abin da za su nuna, malami ya tsaya cikin ajin, tafinta yana kusa. Gayyatar a yi ta da baki ko saƙon murya, domin wasiƙa da harshen da ba a karantawa a jakar yaro take ruɓewa. Yaron da ya ga ajinsu ya yi tsit yana sauraron mahaifiyarsa, wadda jiya yake jin nauyin a ganta a bakin makaranta, ya samu abin da darasi goma ba za su ba shi ba.

Yanzu ga inda abin ke ɓaci, kuma muna roƙon malamai su karanta wannan da kyau. Umarnin kowa ya kawo wani tsohon abu daga gidansu yana da daɗin ji, amma wanda ya gudo da rigar jikinsa kaɗai me zai kawo? A ce abu, ko zanen abu, ko waƙa, ko wasa, kowa ya zaɓa. Zanen bishiyar dangi da aikin ba mu labarin tafiyarka suna iya tono mutuwar da yaro ya gani da idonsa, a gaban yara 40, malami kuma ba shi da horon rufe abin da ya buɗe. Kada a ba da su. Idan yaro da kansa ya fara irin wannan labari, a saurare shi a keɓe, a sanar da shugaban makaranta da mai ba da shawara. Kada a mayar da yaro jakadan ƙasarsu, duk lokacin da aka ambace ta a darasi a juyo a kalle shi. Ɗan shekara tara ƙauyensu ko unguwarsu ya sani, wani ma a sansani aka haife shi bai taɓa ganin ƙasar ba. Yara biyu daga ƙasa ɗaya kuma ba lallai su zama abokai ba, mai yiwuwa iyayensu suna ɓangarori biyu na yaƙin da ya koro su, ko harshensu ma daban ne, don haka a bincika kafin a haɗa su benci. Akwai kuma yaro, musamman mai tasowa ɗan shekara 12 zuwa 15, da babu abin da yake so kamar a manta shi baƙo ne. Haƙƙinsa ne ya ce a'a, kuma a'arsa ta wadatar. A tambaye shi a keɓe tun kafin darasi, ba a gaban aji ba. Abin da ya shafi ibada da abubuwan da jama'arsu ke tsarkakewa kuwa, a nemi izinin iyaye, kuma kada a sa yara su kwaikwaye shi a matsayin wasa.

'Yan gari ma suna da gado, kuma idan suka ga na baƙi kaɗai ake yabo, haushi zai shiga, ya fito a filin wasa inda malami ba ya gani. Shi ya sa kowane aiki da muka ambata na kowa da kowa ne. Baƙon shi ma yana da haƙƙin ya san tarihin inda ya sauka har ya ji yana da rabo a ciki. A kai aji gidan tarihi ko wani tsohon gini, bibbiyu a gauraye, da aiki a hannu: kowane biyu su nemo abu uku da suka yi kama da wani abin da kakanninsu ke amfani da shi, su zana, su rubuta sunansa da harsunansu. Zagi ko tsokana ta ƙabila kuwa a tare ta a ranar da ta faru, kuma shugaban makaranta da kansa ya yi magana, don yara suna gane abin da manya suka ɗauka da zafi da abin da suke kawar wa kai.

A ƙarshe a auna, kada a dogara da kyawun hotuna. A mako na huɗu na zango a ba kowane yaro 'yar takarda ya rubuta a asirce sunan yara uku da yake so ya yi aiki da su, da uku da yake so ya yi wasa da su. Kada a taɓa tambayar wanda ba ya so. Malami ya jera sunayen aji, ya ƙirga sau nawa aka ambaci kowa, ya kuma duba ko zaɓin yana tsallaka tsakanin baƙi da 'yan gari ko kowa nasa yake zaɓa. Takardun su tsaya a hannunsa shi kaɗai. Ya haɗa da rajistar zuwa makaranta, da leƙa filin wasa na minti goma sau biyu a mako ya ga wa ke tsaye a jikin bango. A maimaita a ƙarshen zango. Yaron da sau biyu a jere babu wanda ya rubuta sunansa, baƙo ne ko ɗan gari, a sauya masa wurin zama da rukuni a makon farko na zango mai zuwa, a ba shi wani aiki a aji da kowa zai buƙace shi a kai, kamar riƙe ƙwallo ko rajistar aron littattafai, sannan a sake zama da iyayensa.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman firamare da sakandare masu koyar da yaran da ƙaura ta kawo